Layin da Ke Kan Sunana

Jibiya, ranar Litinin

Yaya Tsahara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ciwon ƙafar, ya mutanen Maraɗi? Mu nan sai godiya.

Yaya, sammaci ya same ni daga kotu. Kin tuna lokacin da aka rufe layukan wayar da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ba? Ɗanki babba na wajena, yayan su Sumayya, tasa lambar ba ta fito ba, sai na yi masa rajistar layi da tawa, kamar yadda rabin garin nan suka yi. To an kama wani yana kai wa mutanen daji fetur, aka ga layin a wayarsa. Alƙali ya ba da umarni, kamfanin waya ya miƙa komai: sunana, kiran wata shida, har hotona da koren ɗankwalin nan da kika ce ya tsufar da ni.

Yaron ya rantse mini cinikin jarka kawai ya haɗa su a Magama. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Lauya ya ce doka ce, ranar Alhamis dole in faɗi mai riƙe da layin, in na yi shiru ni za a tsare. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni na dangwala yatsa. Na ce wa yaron ya tsallako wurinki kafin ranar, ki nema masa wurin kwana.

Ina ci ina sha, kamar maganar wata ake yi. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hasiya

Jibiya, ranar Asabar

Yaya Tsahara,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Ki daina jiransa, bai taho ba. Kin san taurin kan nan, na uban ne. Ya ce ba zai bar ni in hau motar Katsina ni kaɗai ba. Ya bi ni har kotu, ya zauna a bencin baya cikin jama'a, ba wanda ya san fuskarsa.

Aka rantsar da ni, aka tambayi mai layin. Na ce ɗana ne. Aka ce suna ake so. Na ce ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa. Wasu suka yi dariya. Alƙali bai yi ba, ya ce ya san alkunya, mahaifiyarsa ma haka take, amma doka suna take nema.

Shekara ashirin da bakwai ke nan, sunan nan bai taɓa hawa harshena ba. Na faɗe shi. Aka ce ba a ji ba, in ɗaga murya. Na ɗaga.

Yaya, daga can baya sai ya amsa da na'am. Har miƙewa ya yi. Bai taɓa jin na kira shi ba, ina jin bakinsa ne ya riga tunaninsa. Ɗan sandan da ke tsaye bakin ƙofa bai sha wahalar nema ba.

Har yau ban yi kuka ba. Maƙwabta na shigowa jaje, ina amsawa, ina ba su ruwa. Ban ji zafi ba, ban ji sanyi ba, abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Gobe zan kai masa abinci. An ce a ƙofar gidan yari sai na faɗi sunan wanda na zo gani.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Hasiya