Kyamarar Sunan Ɗana

Zuwa ga Yaya Hadi, Garo.

Assalamu alaikum. Ya Inna da ciwon ƙafa? Ya matata Zinnira da jego? Ni lafiya lau a Dubai, zafi ne kawai, shi ma mun saba.

Yaya, na sayi kyamarar bidiyon da za a ɗauki bikin sunan da ita, Alhaji Jalo zai taho da ita Kabo jibi, sai ka je ka karɓo. Na yi ta zarya shagon kyamara har mai shagon ya daina ba ni kujera. Kowacce na ɗaga, da ya faɗi kuɗinta sai in ajiye a hankali. Daga ƙarshe ya zaro wata 'yar ƙarama, ya hure ƙura, ya ce, "Wannan ce daidai kai."

Tana ɗauka, amma batirinta ba ya jimawa. Don Allah kar ka ƙarar da shi a kan rago, ko addu'ar Malam Baƙo da ba ta ƙarewa. Fuskar ɗana nake son gani.

Na ɗauki kaina ina gaishe ku a ciki. In Inna ta ce na rame, ka ce mata haka kyamara mai araha take yi.

Ƙaninka,
Badaruddeen