Haƙorin Makkana Yana Ruɓewa Daga Ciki

Malama Sailuba, don Allah ki ba ni shawara, abin nan na kasa faɗa wa ko 'ya'yana. A 1982 muka sauke farali da maigidana, Malam Ari, Allah ya ji ƙansa. Shi ya kai ni wurin masu sa haƙorin Makka, shi ya zaɓi wanda za a lulluɓe da zinariya, na sama a gefen dama. Har ya rasu yana tsokanata wai tun daga ranar dariyata ta ƙaru.

Shekara uku da suka wuce haƙorin ya fara ciwo. Likita a Jos ya huda shi ta baya, ya cire jijiyar, ya cike ramin, bai taɓa fuskar zinariyar ba. Na samu lafiya. To tun damina wani ɗan ƙurji ke fitowa a dadashina, ya fashe da mugunya, ya koma, ya dawo. Na kuskure baki da gishirin garin Awe har na gaji, kanumfari kuwa ba a magana. Maƙwabciyata Winifred, nas ce, ita ta matsa min na koma asibiti a Jos. Aka ɗauki hoto, likita ya ce cikon farko bai kai ƙarshen saiwar ba, kuma datti na shiga ta bakin zinariyar. Sai an ɓamɓare ta an sake wanke ramin, kuma da wuya ta koma yadda take. Na ce zan yi shawara, na hau mota na dawo Lafia. Wata biyar ke nan.

Ba allura nake tsoro ba. In aka cire zinariyar, ji nake kamar na sake binne Malam. Kuma aikin da ya ƙi a karon farko, me zai sa ya yi yanzu?

Wata Hajiya, Lafia

Hajiya, Allah ya ji ƙan Malam Ari. Ban ga wauta a maganarki ba, kewar miji ce, kuma ba abin kunya ba ce.

Amma wata biyar ya yi yawa. Ƙurjin nan hanya ce da mugunya ta samu, fashewarsa ba warkewa ba ce. Gishiri yana wanke baki, ba ya kaiwa saiwa. Kada ki riƙe likitan farko a rai: ramin jijiya siriri ne, wani a lanƙwashe, yakan gagari gwani. Maimaita aikin sau da yawa yana ceto haƙori, ko da yake ba mai yi miki rantsuwa. Ki tambayi likita ƙiri-ƙiri ko haƙorin zai tsira, da zuwa nawa za ki yi, sannan ki cika su duka ko ciwo ya lafa. In fuska ta kumbura ko zazzaɓi ya zo, ki tafi asibiti a ranar.

Ki gaya wa 'ya'yanki, ɗaya ya raka ki. Kafin a fara, ki roƙi likita ya cire zinariyar a hankali ya ba ki a hannu, ki adana abarki. In kika ƙara jinkiri, haƙorin da Malam ya zaɓa ne zai tafi gaba ɗaya, ba rufinsa kaɗai ba. Ki je makon nan, Hajiya. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a dace.

Sailuba