Furannin Kan Teburin Baba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan ƙalau muke. Mama ta dawo daga gidan Kawu, aikin idon ya yi kyau, har tana gane mutum daga bakin ƙofa.

Yaya, na yi ɓarna, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Kin san teburin da marigayi Baba yake yanka yadi a kai, wanda Mama ba ta yarda ko kofi a ɗora. Tana barin gida na mai da shi wurin guga. Ran nan waya ta ɗauke mini hankali, na kife dutsen guga a kai, sai ƙauri na ji. Ya ƙone baƙi ƙirin, har ya yi rami. Kafinta ya duba ya ce sai dai a canza katakon sama gaba ɗaya. Ina ni ina wannan!

Maƙwabciyarmu mai kitso ce ta koya mini dabara. Na yayyanko furanni daga takardun naɗe kyauta, na manna su da gam, na bi da man da ke sa katako sheƙi har sau uku. Don kada facin ya tona kansa, na rufe saman duka har gefe. Kin san ni da rawar kai. Na manta sam da tsagogin da Baba ya yi da wuƙa a bakin teburin, waɗanda yake awo da su.

Da Mama ta shigo na ce mata kwalliyar maraba ce na yi. Ta ce an gode. Sai ta bi gefen da yatsa, ta kai ƙarshe ta dawo, ta tambaye ni ina awon Malam, wato Baba. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku ke nan, kullum bayan azahar sai ta ja kujera ta zauna tana ɓare takardar da farce, a hankali, don kada ta ji wa katakon ciwo. Ta fito da tsaga bakwai. Jiya har ta yi murmushi, ta ce ashe komai na nan yadda ya bari. Yaya, tsakanin farcenta da ƙunar bai kai tafin hannu ba. Tsoro nake ji, abinci ma ba ya shiga.

Ba zan bari ta gano da hannunta ba. Ina rufe wasiƙar nan zan je in durƙusa in faɗa mata. Idan wasiƙar ta iso gare ki, ki kira Mama, ko zuwa lokacin ba ta yi mini magana za ta yi miki.

Ki gaida maigidan, da Gwaggo, da 'yan biyu, da takwarar Mama.

Taki,
Autar Mama