Muryar Baba Tana Nan

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Anti Hauwa da yara? Mu nan Aliero lahiya lau, an kwashe albasa.

Kwamfutar da ka bar mini ce ta ƙi buɗewa. Ga shi kuwa muryar marigayi Baba da ka ɗauka yana sa mana albarka, a cikinta kaɗai take. Mai gyara a Jega ya ce sai an goge komai an zuba sabuwar manhaja. Na ƙwace abata! Wani mai gyaran ya ce risetin zai yi, irin wanda ba ya taɓa kayan mutum, amma in kawo filashi ya kwafe abin da ke cikinta tukuna.

Filashin da ka aiko kuwa, ashe Inna ta ɓoye shi cikin kwalla da ledarsa, wai tsarabar ɗanta ce. Da ƙyar ta bayar.

Ya kwafe komai a filashin har da muryar Baba, ya yi risetin. Alhamdu lillahi, kwamfuta ta tashi, ba abin da ya ɓace. Na kunna wa Inna muryar, tana ta amsa amin kamar yana gabanta. Ta ce, “Miƙo filashin, yanzu ya cancanci ɓoyo.”

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rabi