Layi Kamar Gashi a Jikin Algaitar Chundung

Anti Mairo, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni nas ce a garin Lanham, nan ƙasar waje. 'Yata Chundung tana busa obo, wata algaitar Turawa ta baƙin katako. Saura mako uku a gwada ta don shiga ƙungiyar matasan makaɗa, malamarta kuma ta ce ta makaranta ba za ta kai ta ba. Na ga talla a jarida, na je garin Sterling na sayo ta hannu wurin wani dattijo. Sunan kamfanin da ya ƙera ta ko malamar ba ta taɓa jin sa ba. Ina cikin dubawa mutumin ya rufe akwatin.

Ran Lahadi ina goge ta sai ga wani layi siriri kamar gashi tsakanin maɓallan sama. Na ce faso ne, sanyin Janairu ya kama ta kamar diddige. Na shafa man kaɗanya, na ɗora ta kan hitar ɗumama ɗaki don man ya ratsa. Litinin layin ya kai ramin yatsa na farko. Yau Alhamis har ya wuce shi. Sautin ya fara shaƙewa, yarinyar tana ta zargin bakinta. Ban gaya mata ba. Wayar dattijon kuwa ba a ɗauka.

Uwa mai zullumi

'Yar'uwa, kin gane ciwon, maganin ne ya kuskure. Numfashi yana jiƙa katakon ta ciki, hita ta busar da shi ta waje, sai ya tsage. Mai kuma yana hana gam kamawa.

Ba zan rantse dattijon ya cuce ki ba. Wataƙila ya ɓoye tsagar, wataƙila obon ta daɗe a ajiye, zafin gidanki ya farkar da tsagar. Ƙaramin kamfani ma yakan yi abin kirki. Amma tsagar da ta taɓa rami ba ta tsayawa da kanta.

Yau a daina busa ta. Gobe ki kai ta wurin mai gyaran kayan busa, ki ambaci man da kika shafa, kada kunya ta hana ki. Ki roƙi malamar aron wata.

Kafin duk wannan, ki zaunar da Chundung. Kullum tana sauya yadda take kama bakin busa don ta gyara laifin da ba nata ba. Katako yakan ɗinku a kwana biyar. Bakin da ya karkace ba ya miƙewa a mako uku.

Allah ya ba ta sa'a, ya sanyaya miki zuciya.

Anti Mairo