Rabin Maganar Likita

Litinin, 3 ga Maris
Ƙanwata Auta ta shigo da hantsi goye da ɗanta, ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe. Mijinta ne, da wayar wuta. Sun kai yaron asibiti aka ce sikila ce. Likitar baƙuwa ce, ba ta jin Hausa, tafinta ya ce musu daga jinin uwa ciwon yake. Suna isa gida mijin ya kulle ƙofa ya hau ta da duka. Inna sai kuka. Ni zuciyata tafasa take.

Talata, 4 ga Maris
Na sami mijin Auta a shagonsa na walda. Ko sallama ban yi ba. Na cire masa haƙori, shi kuma ya sauke min rodi a hannu. Da ba a raba mu ba, da ɗaya ya kwana a ƙasa. Ban yi nadama ba.

Laraba, 5 ga Maris
Da hannun hagu na koyar da lissafi. Darasin ɗauke alwatika daga nan zuwa can a kan allo: kowace kusurwa ta yi tafiya iri ɗaya, ka bar guda a baya, siffa ta lalace. Malamar kimiyya ta ce a littattafanmu na Turanci sunan wannan ɗaya ne da aikin tafinta, haka ma yadda jiki ke karanta saƙon da ya gada daga iyaye. Na ba ta labari, ta dafe ƙirji. Wai uwa kaɗai ba ta ba ɗa sikila, sai uba ya kawo rabinsa.
Ashe kusurwa aka bari a baya.

Alhamis, 6 ga Maris
Na shaƙe tafintan a barandar asibiti. Dattijo, sa'an Baba. Tabaraunsa ya faɗi, na taka da gangan. Yana haki ya ce, "Ɗana, ba a gaya wa namiji jininsa da matsala a gaban matarsa. Haka na tarar ana yi. Mace ta fi iya ɗauka." Ta ɗauka kuwa, a fuska.

Asabar, 8 ga Maris
Na ja mijin gaban likita, malamar kimiyya tana gefe tana kasa kunne. Wannan karon tafinta ya faɗa duka. Mijin ya ce, "Ni ma?" Sai ya shiga gwara kansa da bango har jini ya wanke masa fuska. Na zaci zan ji daɗi.

Litinin, 10 ga Maris
Mijin ya zo da la'asar, kai a naɗe, ya durƙusa a ƙofar gida. Auta ta ce, "Yaya, ka gaya masa Allah ya isa, kuma shi da ganin ɗan nan har abada." Na fita da niyyar faɗa masa kalma da kalma. Ya ɗago, ga ledar maganin yaron a hannunsa, ya ce, "Yaya, me ta ce?"
Na ce, "Ta ce yaro ya yi barci. Ka dawo jibi."
Auta ta tambaye ni ko na gaya masa. Na ce na gaya masa.
Hannuna ne ke ciwo, shi ya sa.