Lemon Oyposhsha a Ƙarƙashin Tabarma

Litinin, 16 ga Janairu
Ganye ya kusa daina zuba. Alhamdulillahi! Yau bakwai kacal na tsinta a ramin lemo mai rufin gilashi, jiya kuwa cikin hula biyu. Da itatuwan nan tara sun mutu, da wane ido zan kalli kabarin matata Oyposhsha? Ita ta dasa su da hannunta.

Talata, 17 ga Janairu
Bari in rubuta gaskiya, tunda ba mai karantawa. Ni na yi ɓarnar. Da sanyi ya tsananta na rufe gilashin ramin da tabarmin kara da bargo, sati uku ban ɗaga ba, na kuma hura murhu a ciki. Wai gata nake musu.

Gulchehra, matar ɗana, malamar makaranta, ita ta leƙa. "Baba, kun ba su ɗumi kun hana su rana. Yunwa ce ke kashe su."

Na ce, "'Yata, bishiya da yunwa? Ga ruwa, ga taki."

Juma'a, 20 ga Janairu
Ta sake bayani muna shan shayi. Wai aiki biyu ganye ke yi. Na farko ya kama haske, ya fasa ruwa, ya cika wasu 'yan mazubai da ƙarfi. Na biyu ya karɓa, ya haɗa da iska ya yi sukari, ya mayar da mazuban fanko a sake cikawa. Ɗaya ya tsaya, ɗayan ma ya tsaya.

"Kamar ku da Mama a tanderu. Kuna miƙa mata faranti da ƙullu, tana maido muku wayam."

Na yi tari na fita.

Alhamis, 2 ga Fabrairu
Ɗaga tabarma da hantsi, saukewa da la'asar. Tursunboy maƙwabci ta kan katanga: "Eshqobil, an mayar da kai aji ɗaya?" Tsohon banza, nasa ai tun bara suka bushe.

Lahadi, 26 ga Fabrairu
Toho! Takwas sun yi. Ta ƙuryar ta tafi. Na zauna kan bokiti na yi kuka, rabi daɗi ne.

Talata, 21 ga Maris
Navruz, bikin shigowar bazara. Ƙamshin fure har tsakar gida. Bayana ke ciwo, shi ya sa na ba Gulchehra mabuɗin ramin, ba don komai ba. Ita ke ɗaga tabarma yanzu, ni in naɗe.

Ɗazu ta miƙo mini gurasa a farantin Oyposhsha, wanda na hana kowa taɓawa shekara biyu. Na cinye, na mayar mata wayam.